Suna Muke Sayarwa

Ni da yayana Modi, suna muke sayarwa.
Ba goro ba, ba gishiri ba,
suna kawai, irin wanda ake rataya wa shago a yanar gizo,
a ɗiga masa ɗigo a gindi, a ce kom.
Inna ta ce tun da take
ba ta taɓa ganin fataucin da ba shi da buhu ba.

Modi tun muna yara yake tsayawa a gadar Kwalkwalawa
yana kallon masunta suna kafa tarko a Rima
su koma inuwa su miƙe ƙafa.
Haka yake yi har yau.
Ya sayi suna, ya liƙa masa "na sayarwa ne",
ya ja kujerar roba ƙarƙashin dogon yaro a Mabera,
waya a cinya, shayi yana hucewa.
Ya ce wanda ya zo da ƙafarsa shi ke tayawa,
kai kuwa ka ce albarka.
Wanda ka bi har gida, shi zai yanka maka farashi
kamar yana yanka kabewa.

Ni ƙafa Allah ya ba ni.
Na bi masu albasa, na bi masu shinkafa,
na aika saƙo ɗari biyu cikin wata guda,
uku suka amsa,
ɗayansu ma tambaya yake ko ina gyaran waya.

Ranar wata Laraba na shiga wurin majema.
Warin jima ya riga sallamata isa.
Malam Tambari yana shanya jar fatar akuya,
na nuna masa sunan shagonsa a fuskar wayata.
Ya goge hannu, ya duba, ya sake dubawa.
"Yaro, mi kaka faɗi?
Wanga suna ubana ya raɗa min shi da rago,
yau kai zaka saisam min?"
Almajiran sana'arsa suka fashe da dariya.
Na sha ruwan randarsa na fito,
rana tana dukan ƙeyata har Gawon Nama.

Suna kuwa dabba ce mai ci ba ta ƙiba.
Kowace shekara sai ka biya mata harawa,
in ka makara kwana kaɗan, wani ya kwance ta.
Na Modi arba'in da ɗaya suka tsinke a bara,
bai ce uffan ba, sai sukari da ya rage a shayi.
Can cikin azumi, da sahur,
wani daga Ikko ya taya guda ɗaya.
Modi ya ce albarka sau biyu, hannunsa na rawa,
a na uku ya sallama.
Ya sayi babur.
Ni na sayar da tara a shekarar,
kuɗinsu duka bai kai taya biyu na babur ɗin ba,
amma da su aka ci tuwo wata goma sha ɗaya
kafin kifinsa ya shigo.

Jiya da la'asar sai ga Malam Tambari a ƙofar gida,
ɗansa ɗan jami'a yana biye da shi.
Wai wasu daga ƙetare suna neman fatarsa
sun rasa inda za su same shi.
"Ina yaron nan mai suna? Nawa na?"

Modi ya murmusa daga kan kujera:
ka gani, da ƙafarsa ya zo.
Na ce wata bakwai ke nan da na shuka shi a rana.
Inna ta leƙo daga zaure
ta ce ku shimfiɗa wa baƙo tabarma tukuna,
in ya tafi kwa raba gardamar.

Takalmina yana nan bakin ƙofa, dugadugansa sun cinye.
Ban ce albarka ba. Na kasa.